Yadda Ake Rage Tsawon Igiyar Laimar Iska da Gyara Ta Idan Ta Tsinke

Hunturun bara waccan abin ya faru, a gonar gidanmu da ke can gaba da gari a hanyar Kaita. An kwashe gero, fili ya yi fetal, ba komai sai tushiyar kara da ƙarangiya. Ɗan yayata ne ke riƙe da laimar, yaro mai shekara 16 da ya riga ya iya juya ta dama da hagu. Iska ta ɗan ƙara ƙarfi, sai na ji "tas!" Igiyar hagu ta rabu biyu. Laimar da ta rasa ɓangare guda ta shiga wulwulawa, kowane zagaye sai ta fizge shi gaba. Ina ta ihu, "Saki! Saki mana!" shi kuwa ya ƙi, tsoro yake kada kayan kawunsa su bi iska. Sai da ta ja shi a ƙasa cikin tushiyar nan kafin ta faɗo. Da na iso na tarar gwiwarsa da hannunsa duk sun saluɓe, amma abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Kawu, wallahi ba ni na tsinka ta ba."

Na san ba shi ba ne. A daidai ƙullin da na yi ana gobe za mu fita ta tsinke. Kara ya ci igiyar a tsakiya, na yanke wurin na haɗa bakin biyu da irin ƙullin da muke yi wa igiyar guga, na ja da hannu na ji ta riƙe. Tun daga ranar ban sake sa ƙulli a tsirarar igiyar laima ba, kuma abin da na koya bayan nan shi nake son in shimfiɗa a nan.

Ga wanda bai taɓa gani ba, laimar da nake magana ba irin ta yara ba ce da ake haɗawa da leda da tsinke da zaren ɗinki. Babban ƙyalle ne mai kama da laimar sauka daga jirgin sama, iska ta cika shi ya tashi, ya ja mutum da ƙarfin gaske. A Dakhla ta Yammacin Sahara da Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a kan teku ake wasan, wasu kuma a kan rairayi da wani keke mai ƙafa uku. Dabarar ta daɗe, don tun 1826 wani malamin makaranta a Ingila, George Pocock, ya yi rajistar keken da laima ke ja a maimakon doki. Tawa mai faɗin murabba'in mita 4 ce, igiya huɗu, mariƙi biyu, na saye ta ta hannu wajen wani abokin aiki lokacin ina Legas. Iska dai muna da ita, duk wanda ya ga injinan nan 37 masu samar da wuta da iska da aka kafa a Lambar Rimi ya san haka. Abin da ba mu da shi shi ne shagon da za ka shiga ka ce a ba ka sabuwar igiya. Shi ya sa gyara ya zame mana dole.

San igiyar tukuna

Ana yin ta ne da wani zare da ake sayarwa da sunan Dyneema, wanda kamfanin DSM na ƙasar Holan ya fito da shi, ko Spectra na Amurka. Abu ɗaya ne, dangin robar da ake yin jarka da leda, sai dai an ja shi ya zama silili mai tsananin ƙarfi. Igiyar da kaurinta bai wuce milimita ɗaya da rabi ba tana iya ɗaukar wajen kilo 300. Ba ta miƙewa sosai, ba ta shan ruwa.

Amma tana da halaye uku da suke cin wanda bai sani ba. Tana da santsi kamar an shafe ta da man shanu, don haka ƙulli kan zame. Ba ta son lanƙwasa mai tsanani: ƙulli guda yana cinye kusan rabin ƙarfinta, wani lokaci fiye da haka. Ka ga igiyar kilo 200 ta koma ta kilo 100 ke nan, tun ba a lissafa tsufa da rana ba. Na uku, ba ta jure zafi. Wajen digiri 145 zuwa 150 take narkewa, alhali zaren poliyesta sai ya kai wajen 250. Saboda haka idan zaren nailan na laimar yara ya gitta ta a sama yana gogawa, taka ce za ta tsinke, ba ta yaron ba. Salansar babur mai zafi ma taɓawa ɗaya ta isa.

A irin tawa, igiyoyi biyu na sama su ne na ja, sun fi kauri, su ke ɗauke da nauyinka. Biyu na ƙasa na birki ne. Masu laimar da ake tuƙawa da sanda su kuma biyun tsakiya ne ke ɗaukar nauyi, biyun gefe na juyawa. Riƙe wannan bambanci, don hukuncin gyaransu ba ɗaya ba ne.

A gyara, a rage, ko a haƙura?

Kafin ka ɗauki reza, wanke igiyoyin cikin bokitin ruwa mai tsabta, ba omo ba bilic, ka shanya a inuwa. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin sililin ta riƙa ci daga ciki, kuma igiyar da ta sha ƙura tana ƙagewa ta ƙi buɗewa lokacin aiki. Da ta bushe, shimfiɗa ta ka bi ta tsakanin babban yatsa da manuniya, a hankali, daga baki har baki. Yatsa ya fi ido gani a nan. Ɗan gashi-gashi a jiki ba komai ba ne, tsufa ne. Abin tsoro shi ne inda ka ji ta rame, ko inda silili ya tsinke ya miƙe, ko inda ta yi ƙyalli ta taurare, alamar gogayya ta narkar da wurin. Duk inda ka samu, ɗiga masa maka. Idan ka ci karo da ƙullin da ya shiga da kansa, kwance shi da allura, ka duba wurin da kyau.

Yanzu dubi inda alamomin suka faɗo. Idan duk suna kusa da baki, mita biyu ko uku na ƙarshe, ka yi sa'a: yanke su za ka yi, ka rage sauran igiyoyin su yi daidai. Idan wuri ɗaya ne a tsakiyar igiyar birki, ana iya haɗawa, zan zo kan wannan. Idan a tsakiyar igiyar ja ne, ko kuwa alamomi sun kai uku a warwatse, ni dai ba na gyarawa. Ajiye ta, ka sa a taho maka da sabuwa, kuma biyu za ka canja tare, dama da hagu, don sabuwa da tsohuwa ba sa miƙewa daidai. Jiran wata biyu ya fi jinyar karaya sauƙi.

Akwai kuma mai rage tsawo da gangan, ba don lalacewa ba. Yawancin igiyoyin suna zuwa ne tsakanin mita 20 da 25. In ka mayar da su 15 ko 18, laima ba ta samun dogon filin da za ta ɗauko gudu, fizgarta sai ta ragu, abin da ya dace da mai koyo ko ƙaramin fili. Sai dai za ta fi saurin juyawa, kuma iskar kusa da ƙasa ta fi hargitsi, musamman inda akwai itatuwa. Rage igiya ba ya mayar da babbar laima ƙarama. Ranar da iska ta fi ƙarfinka, naɗe kayanka kawai.

Kayan aiki

Sabuwar reza da ɗan katako da za ka yanka a kai, don almakashi zamewa yake a jikin wannan igiya yana tauna ta. Tef ɗin awo, maka, salatif, allura, zaren poliyesta mai ƙarfi irin na masu gyaran takalmi, safar hannu, da sanda mai kauri kamar ƙotar fartanya. Sai waya siririya ta jan igiya. Ni wajen mai gyaran babur na samu: tsohuwar wayar kuloci, na warware silili guda mai tsawon kamu uku, na miƙar da shi na ninka biyu. Shafa ta da yatsa ka tabbata ba tsatsa ba ƙaya a jiki.

A gida ake wannan aiki, da rana, a zaune. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a fili iska na kaɗawa yara na jira ne mutum ke yin irin ƙullin da na yi.

Awo

Nan ne aikin yake, duk sauran biyo baya ne. Nemi wuri miƙaƙƙe da ya fi igiyar tsawo. Kafa rodi ya shiga ƙasa sosai, ko ka ɗaura igiya mai kauri a gindin bedi ka sa mata zoben ƙarfe mai santsi. Kada igiyar laima ta taɓa ɓawon itace. Cire igiyoyin daga laima da mariƙi, ka rataya lafiyayyun bakunansu duka a wuri ɗaya, ka ja su zuwa ɗaya ƙarshen kana tsefe su da yatsu kada su hau juna. Idan taka mai sanda ce, bar ɓangaren sanda yadda yake ka yi aikinka a ɓangaren laima, saboda igiyar tsira, wadda ke kashe laima in ka saki, tana ratsawa ta cikin sandar, kuma duk wani kauri da ka ƙara a nan zai iya hana ta zamewa ranar da kake buƙata.

Igiyar da ta fi lalacewa ita ke yanke wa sauran hukunci. Je inda lafiyayyen jikinta ya ƙare, ka dawo baya santimita 35, nan ne sabon ƙarshen zai tsaya. Haɗa igiyoyin huɗu a hannu ɗaya, ka ja su da ƙarfi iri ɗaya har ka ga babu wadda ta yi ciki ta bar 'yan'uwanta, sannan wani ya ja layi ɗaya da maka ya ratsa su duka. Wannan layi shi ne tsinin kunne, wato madaukin da ke bakin igiya wanda ake zargewa a ragamar laima (ƙananan igiyoyin da ke jikin ƙyallen). Daga layin, auna santimita 35 zuwa waje, naɗa salatif, ɗora a katako ka yanke a tsakiyar salatif ɗin. Auna sau biyu. Abin da reza ta ɗauke ba ya dawowa.

Kafin ka yanke, duba yadda bakunan asali suke. Mai launin ja a hagu take bisa al'ada. Wasu kamfanoni kuma suna sa kunne a wata igiya, ƙulli a wata, don kada mutum ya ɗaura ta ja a mazaunin ta juyawa. Yadda ka tarar, haka za ka mayar.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Kama igiyar da hannu biyu, tazarar yatsa biyu, ka tura ta ciki. Idan ta kumbura saƙarta ta buɗe kamar kwando, ka ga rami a tsakiya, to ta cusawa ce. Idan ta ƙi, sai a yi mata riga.

Hanyar riga

Riga wani bututun saƙa ne na poliyesta da ake zura bakin igiya a ciki, don ƙulli ya kama riga, ba tsirarar igiya ba. Tana rage kaifin lanƙwasa, tana hana zamewa, tana kuma kare wurin da ake zargewa kullum. Idan igiyarka da rigarta ta zo kuma ƙulli ne ba ɗinki ba, kwance ka zare ta ka sake amfani da ita. In babu, nemi siririyar igiyar labule mai hanji, ka yanki santimita 30, ka zare hanjin, ka ɗan lasa wa bakunan wuta don kada su warware. Yi wannan tun riga tana ita kaɗai, nesa da igiyar laima.

Zura ninkakkiyar wayarka ta cikin rigar har ta ɓullo, sa bakin igiya a ninkin, ka jawo. Matsar da rigar har tsakiyarta ta hau kan layin makan nan. Shafe ta ta miƙe, ninka biyu, ka tabbata ɓangarorin biyu sun kwanta gefe da gefe ba su murɗe ba. Yi ƙulli guda kusa da bakin rigar da ɓangarorin biyu tare, ka yi na biyu a sama da shi tazarar yatsa biyu. Duka ƙullin su tsaya a kan riga. Kada ka datse ragowar wutsiya yanzu, za ka buƙace ta wajen daidaitawa.

Ɗinki ya fi ƙulli ƙarfi, in an yi shi daidai. Na kai nawa wajen wani dattijon tela a Ƙofar Marusa mai keken zigzag. Ya juya abin a hannunsa ya ce, "Ɗana, wannan ai keke ba zai kama shi ba, ya yi siriri." Sai ya ɗauko takarda, ya manne ɓangarorin biyu a kai da salatif, ya bi su da zigzag mai faɗin da allura ke faɗawa wannan ɓangare ta faɗa wancan, tsawon santimita 7, ya je ya dawo, sannan ya yage takardar. Na ce, "Baba, a ƙara bi ɗaya mana." Ya girgiza kai, ya ce yawan sukan allura a wuri ɗaya yanka ne. Gaskiyarsa, don kowace suka tana iya raba silili. Amma sai bayan ka gama daidaita tsawo za ka je wajen tela.

Hanyar cusawa

Wannan ita na fi so, kuma ita ta fi barin igiya da kusan dukan ƙarfinta, don babu lanƙwasa a ciki ko ɗaya. Wutsiyar igiya ake mayarwa cikin cikinta, kamar mesa ta haɗiyi abu. Da an ja, saƙar waje sai ta matse ta ciki, iya ja iya matsewa.

Masu igiyar jiragen ruwa suna cusa abin da ya kai kaurin igiya sau 72. Ga mai milimita ɗaya da rabi, santimita 11 ke nan. Ni ina wuce haka, don tsohuwar igiya ce kuma ba asarar komai.

Daga layin tsinin kunne, auna santimita 10 zuwa ciki ka yi alama, wannan shi ne wuya. Auna 10 zuwa waje ka yi wata. In ka ninka a kan layin, alamomin biyu za su haɗu, kunne mai tsawon santimita 10 ya fito, wutsiya mai 25 ta rage. Daga wuya ka ƙara gangarawa santimita 18 cikin jikin igiya, ka yi alama ta uku. Nan waya za ta shiga.

Tura igiyar ta kumbura a wannan alama, ka soka ninkin wayar tsakanin silili, ba ta cikin silili ba. Bi ramin tsakiya zuwa wajen wuya, kana tara igiyar a kan waya kamar mai zura mazagin wando. Idan ka ji ta cije, ka kama silili ne, ja baya kaɗan ka sake. Fito da ita daidai alamar wuya. Cire salatif daga bakin wutsiya, ka tsefe santimita 2 na ƙarshe, ka yanke rabin sililin don ya yi siriri, ka sa a ninkin waya. Kada ka ƙona wannan baki. Dunƙulen da wuta ke bari yana da kaifi, a ciki zai zauna yana cin igiya.

Yanzu ja wayar baya. Shigar farko ita ce mai wuya, kuma nan mutane ke fusata su fizga. Kada ka fizga. Sassauta saƙar da ke bakin wuya da yatsu, ka murza, ka ja kaɗan, ka sake murzawa. Da kai ya shige, saura bi yake. Ja har wutsiya ta ɓullo ta inda waya ta shiga, ka ci gaba har alamar waje ta zo daidai wuya. Sa fensir a cikin kunnen kada ya shige gaba ɗaya. Sannan ka shafe saƙar waje daga wuya zuwa ƙasa, kamar mai tatsar nono, har ta kwanta. Ragowar wutsiya za ta rage a waje. Bar ta haka. Yi wa sauran igiyoyin daidai irin wannan, awo ɗaya, don cusawa tana ɗan rage tsawo, kuma so ake kowace ta ragu daidai da 'yar'uwarta.

Ja da daidaitawa

Koma wajen turkenka. Kori kowa daga layin igiya, gaba da baya, don in rodi ya tumɓuke ko zobe ya ɓalle, ta nan zai biyo. Sa safar hannu. Zura sandarka cikin kunnuwan igiyoyin ja biyu, ka jingina da baya da nauyin jikinka a hankali, ƙafa ɗaya a baya don kada ka faɗi in wani abu ya saki. Riƙe kamar minti ɗaya, ka sassauta, ka maimaita sau uku. Haka za ka yi wa na birki, amma da rabin ƙarfi. Kada ka taɓa naɗa wannan igiya a hannu ko yatsa don ka ja. Tana yanka har ƙashi.

Sai ka sassauta sannu a hankali kana kallon tsakiyar igiyoyin. Wadda ta fara yin ciki ita ta fi tsawo. Tsakanin dama da hagu ba na yarda da bambancin da ya wuce santimita ɗaya, in ba haka ba laima za ta riƙa karkata gefe guda kana ta kokawa da ita. Kullum doguwar ake ragewa. In ta riga ce, sassauta ƙullin ka jawo wutsiya gwargwadon abin da ya yi yawa. In ta cusawa ce, jawo wutsiya ninki biyu na abin da kake son ragewa, don kunne ɓangare biyu gare shi. Sake ja, sake dubawa.

Da sun daidaita sai rufewa. Ta riga, datse wutsiya ka bar kamar santimita ɗaya, ko ka kai wa tela. Ta cusawa, ɗiga maka a inda wutsiya ta ɓullo, ka tattare saƙar waje baya wutsiyar ta ƙara fitowa, ka yanke a kan alamar. Sannan ka fiƙe ta: a santimita 5 na ƙarshe, zaro silili ka yanke biyu a nan, biyu a gaba kaɗan, haka har bakin ya zama kamar wutsiyar ɓera. Wannan fiƙewa ba ado ba ne. Wutsiyar da ta ƙare a dunƙule tana barin tudu a ciki, kuma a bakin tudun igiya ke tsinkewa. Shafe saƙar ta haɗiye ta. A ƙarshe ɗauki allura da zare ka ratsa wuyan sau shida ko takwas, ba tare da ka ɗaure tamau ba, ka ɓoye bakin zaren a ciki. Ɗinkin ba shi ke ɗaukar nauyi ba. Aikinsa ya hana wutsiya zamewa lokacin da igiya ta saki tana kaɗawa a iska.

Haɗa igiyar birki da ta tsinke a tsakiya ma wannan dabarar ce, sau biyu. Yanke duk wurin da ya ci, yi alama santimita 20 daga kowane baki, ka cusa wutsiyar wannan cikin waccan daga alamarta, ta waccan cikin wannan, ka ja har alamomin su haɗu, ka fiƙe, ka shafe, ka ɗinke mahaɗar. Za ka yi asarar kusan rabin mita, don haka sauran ukun ma sai an rage su.

Tashin farko

Zaɓi ranar da iska ke kaɗa ganye ba ta kaɗa reshe. Kai da ka yi gyaran kai za ka fara riƙewa, ba yaro ba. Zarge kowane kunne a mazauninsa, ka ja ka ga ya zauna bayan ƙullin ragama. Tashe ta daga gefen iska, ba daga tsakiya inda ja ya fi tsanani ba, ka kai ta saman kai, ka ga ko tana tsayawa ba karkata. Igiyoyin birki su ɗan yi sako-sako. In laima tana ja da baya ko ta ƙi hawa, sun yi gajarta, sai ka matsar da su a ƙullin da ke jikin mariƙi. Gwada sakin gaggawa tun iska na da sauƙi: saki mariƙan ka ga igiyar wuyan hannu ta kashe laimar ta faɗo. Wanda duk zai karɓa bayanka, sa shi ya yi wannan sakin sau uku a gabanka, ka kuma gaya masa da bakinka cewa laima ba ta kai fatarsa daraja ba. Abin da ban gaya wa ɗan yayata ba ke nan. Bayan minti goma sauke ta ka duba kowane wuya, ko alamar maka ta gusa.

Fili kuwa, nesa da wayar wuta, nesa da titi, nesa ƙwarai da filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua. Yara za su taru, wannan ba makawa, sai ka sa babba guda ya tsayar da su a bayanka. In ka hango garken shanu ka sauke, don laima tana firgita dabba. Tsakar ranar bazara da guguwa ke tashi ba lokacin wannan wasa ba ne, haka ma iskar da ke gaban hadari a farkon damina. Kafin ka shimfiɗa igiya, bi layin da ƙafa ka tuge tushiyar kara da ƙayar aduwa, su ne suka fi cin igiya a gonakinmu.

Idan an tashi, naɗe ta a katakonta hagu da dama, ba zagaye ɗaya ba, don kada ta murɗe. Kada ta kwana a but ɗin mota ko ƙarƙashin kwano a watan Afrilu. Guntayen da ka yanke ka tattara su kaf ka sa a aljihu. Ba sa ruɓewa, kuma in suka naɗe ƙafar akuya ko tunkiya sai sun yanka ta. Ni a kansu ɗan yayata ya koyi cusawa, a zaure bayan la'asar. Kunne na biyar da ya yi muka rataya a reshen bedi, muka sa sanda, na ɗaga ƙafafuna daga ƙasa, ya riƙe ni.